Na'urar da Ba Ta San Azumi Ba

Ku samarin yanzu, da kun hango mai gyaran firji a durƙushe bayan inji da tukunyar gas, sai ku ce ai wannan ba aiki ba ne, a ɗura gas a kaɗe wando a tashi. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne wanda ya tare ni kwanan baya yana cewa, tunda kwamfuta ce ke tafiyar da ɗakin sanyin jami'a da ke Tiga, ni zaman me nake yi a can, shan iska? To ku gyara zama. Sunana Ado, a Kiru aka haife ni, amma daga Bebeji har Doguwa in ka ce Ado Mai Sanyi, ba za ka rasa mai nuna maka ni ba.

Firjin da na fara sa wa hannu ko lantarki ba ya sha. Na kananzir ne, a wani ɗan asibitin ƙauye can cikin Doguwa, inda ake ajiye allurar rigakafi. Maigidana Malam Tanimu na Tudun Wada, Allah ya ji ƙansa, shi ya goyo ni a babur, akwatin kayan aiki a kan cinyata, muka yi ta faɗawa ramuka har muka isa. Ma'aikacin asibitin ya ce firji ya daina sanyi, allurai na neman lalacewa. Ni har na fara buɗe akwati ina zaro sifana. Maigida ya daka mini tsawa ya ce in rufe. Ya nemi a ba shi faranti da ruwa, ya ɗora a kan firjin. Sai ga ruwa ya taru gefe guda. Ashe gara ce ta cinye katakon da ke ƙarƙashin ƙafa ɗaya, firjin ya karkace, shi kuwa irin wannan in bai tsaya daidai ba, ba ya aiki. Ya samo faffaɗan dutse ya tokare, ya datse lagwani har wutar ta bar ja ta koma shuɗiya, ya share hayaƙin da ya toshe bututu. Muka zauna a gindin darbejiya muna cin gyaɗa. Kafin la'asar sanyi ya dawo.

A hanyar komawa ya ce, "Ado, me ka gani yau?"

Na ce, "Na ga ka sa dutse, Maigida."

Ya ce, "Dutse kowa ma ya iya sawa. Ka ga na duba kafin na kwance."

Na daɗe a hannunsa kafin ya bar ni in taɓa kan walda. Shara na fara yi, da wanke bayan firji, da ɗaukar tukunyar gas. Daga nan ya koya mini geji, mai agogo biyu, ja da shuɗi, wanda ke gaya maka ko gas ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Sai abin yanka bututun jan ƙarfe, wanda in ka matsa masa da gaggawa sai ya lotsa bakin bututun. Sai famfon zuƙe iska, don in ka bar ko ɗan danshi a cikin bututu, zai daskare ya toshe hanya, mai firji ya dawo yana zaginka. Amma manyan kayan aikin ba a kanti ake sayensu ba. Kumfar sabulu ce, da za ka shafa a mahaɗa ka ga inda take hura ƙwai, nan gas ke zurarewa. Sai dogon sukudireba, ka ɗora bakinsa a jikin kwamfuresa, wato zuciyar injin, ka kafa kunnenka a ƙotar, ka ji ko tana tafiya lafiya ko tana tari. Sai bayan hannunka, da za ka bi bututu da shi, ka san inda ya kamata ya yi zafi da inda ya kamata ya yi gumi.

Masu kawo gyara kuwa, kowa da irin tasa. Akwai wata Hajiya a Bebeji mai sayar da ƙanƙara, ta aiko a kira ni, ta rantse mini firjinta da kansa ya yi tsaki ya mutu. Na leƙa na ga huda a jikin farantin sanyi, daidai bakin wuƙa. Na ce, "Hajiya, wannan tsakin da wuƙar yanka albasa aka taya shi." Ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce yaran gidan ne. Akwai wani mai shagon magani a Burumburum da ya sayo sabon firji, aka kwanto masa shi a bayan akori-kura, ana saukewa ya jona don zumuɗi. Firjin da ya yi tafiya a kwance sai an tsayar da shi ya huta, man ciki ya koma mazauninsa. Bai sani ba, ya ƙona sabuwar kwamfuresa tun ledarta ba ta gama fita ba. Irin waɗannan su suka riƙe mu, har na buɗe shagona a Tiga, kusa da inda masunta ke sauke kifi.

Sai shekarar da ba na mantawa. Iskar farkon damina ta kwantar da turakun wuta, taransifomarmu ta ƙone, muka shiga duhu wata da watanni. Ana cikin haka man fetur ya yi tashin gwauron zabo, masu janareta suka lulluɓe su da buhu. Wa zai gyara firjin da ba shi da abin jonawa? Mutane suka mai da su kabad, ana zuba kwanuka da garin tuwo. Na je gaisuwa Badafi na tarar an cire ƙofar wani firji da ni na taɓa gyara shi, kaza tana kwanci a ciki. Abokan sana'a da yawa suka sayar da geji suka kama acaɓa. Ni na ari fili a bakin dam na yi noman rani, tumatir. Tumatir ya yi kyau, na kowa ma ya yi kyau, kasuwa ta cika ta batse. Na zauna a bakin titi da kwanduna ina kallonsu suna ruɓewa saboda rashin sanyi, ni da ake kira Mai Sanyi. Masu wucewa har tsokanata suke yi. Abu ɗaya na riƙe, duk Juma'a sai na buɗe akwati na goge kayan aikina na shafa musu mai.

Ana nan wata safiya mota ta tsaya a ƙofar shagon, wata mata ta fito da hular kwano irin ta masu gini a kan mayafinta. Ta yi sallama, ta gaishe ni har da rusunawa, ta ce sunanta Dakta Hadiza, tana koyar da aikin injiniya a jami'a. Ta ce jami'a ta sami fili a gefen dam za ta gina tashar bincike: ɗakin sanyi, da farantan sola, da batura, da ɗakin kwamfuta. Abin da suke son ganowa shi ne yadda za a sami sanyi mai yawa da wuta kaɗan. Kuma ba mutum ne zai riƙa kunnawa da kashewa ba, kwamfuta ce, da abin da suke kira ƙirƙirarriyar basira.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni fa iyakata gas da walda."

Ta ce, "Su nake nema, Baba Ado. Masu kwamfuta ina da su cike da aji. Wanda zai haɗa bututu bai yi yoyo ba, kuma yana kwana a garin nan, shi ne ba ni da shi."

Na tambaye ta ita wannan basirar, wace iri ce. Ta ce in ɗauka sabon ɗan koyo ne. Ranar farko bai san komai ba. Zai yi ta kallo, yaushe rana ke zafi, yaushe ake buɗe ƙofa, yaushe kaya ke shigowa, har ya gane lokacin da ya kamata inji ya yi gudu da lokacin da ya kamata ya huta. Na ce to in haka ne mun saba, Allah ya sa dai ba mai taurin kai ba ce.

Haɗa ɗakin nan shi ne aiki mafi tsafta da na taɓa yi. Bangonsa allunan soso ne masu kauri da aka lulluɓe da farin ƙarfe, kowanne yana shiga cikin ɗan'uwansa, in ka bar kafa ko ta shigar allura, zafi ya sami ƙofa. Kwamfuresa biyu muka sa, don in ɗaya ta gaji ɗaya ta karɓa. Muka yi gardama da Dakta a kan inda za a ajiye su. Ni na ce gindin darbejiya saboda inuwa, ita ta ce ganye zai toshe su. Kowa ya ƙi sauka, ƙarshe muka kafa musu rumfar kwano mai tsayi, iska na ratsawa, kowa ya ce shi ya ci. A jikin bango ta ciki muka jera jarkoki cike da ruwa, don su daskare da tsakar rana lokacin da sola ke ba da wuta a banza, su riƙe sanyin in rana ta faɗi. Sai 'yan na'urorin awo, ƙanana kamar ƙwayar dabino, ɗalibanta suna ce musu sensa, ni ina ce musu kunnuwa. Na liƙa su a ƙofa, a rufi, a jikin bututu, a kan wayar kowace kwamfuresa. Waya ɗaya in ta saki, kwamfuta ta kurmance ta wannan gefen, kuma duk lissafin da ɗalibi zai yi a kai ya tashi a banza. Ku da kuke ganin bincike a kan allo ake yinsa, ku sani a bakin filaya da sukudireba yake farawa.

Abin dariya, ita kwamfutar da aka kawo don tsimin wuta, sai ga shi ba ta son zafi, tana neman na'urar sanyaya ɗaki ta kanta, mai shan wuta kamar raƙumi a bakin rijiya. Dakta ta dafe kai. Ita ce ta tuno ɗakin kakarta da ba ya zafi ko a bazara. Aka ɗauko magina daga Badafi suka yi wa kwamfuta ɗakin ƙasa mai kaurin bango, da 'yan tagogi a sama, muka sa mata fanka kawai. Baƙi in sun zo daga birni sukan tsaya suna kallo, ga soro irin na da, ga fitilu kore da ja suna ƙiftawa a ciki.

Da aka gama, sai wata matsalar. Ɗaki babu kaya ba ya koya wa na'ura komai. Dole a sami mutane na gaske su riƙa shiga da fita da kayansu na gaske. Masunta ba su ba ni wahala ba. Shugabansu Ilu Mai Kwalekwale abokina ne, ya leƙa ɗakin, sanyi ya buge shi, ya ce gobe karfasa da tarwaɗa za su kwana a nan. Masu nono ne aiki. Babbarsu ita ce Inna Dudu, dattijuwa daga rugar da ke bayan dam, wadda in ta ce a tafi a tafi, in ta ce a tsaya ba mai ɗaga ƙwarya. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ja numfashi sau ɗaya.

Ta ce, "Ado, nonona ne zai kwana ɗaki ɗaya da kifi?"

Na ce, "Inna, ai a rufe yake."

Ta ce, "Kai ma a rufe hancinka yake. Nono ko kusa da albasa ya zauna sai ya ɗauka."

Dakta ta ce gaskiyar Inna ce. Muka raba ɗakin biyu da allo, kowa da ƙofarsa. Sai da Inna ta dawo ta shinshina kowane lungu sannan ta ce to. Ta tambayi wane ne mai kula da sanyin in ba na nan. Aka kai ta soron ƙasa aka nuna mata. Ta daɗe tana kallon fitilun, ta ce, "Wannan ce 'yar Dakta?" Shi ke nan suna ya bi ta. Har ɗaliban ma 'yar Dakta suke cewa.

Yarinya kuwa ta yi ƙoƙari. Da farko ta yi ta shirme, tana tayar da inji lokacin da bai kamata ba, ina bin bayanta ina gyarawa. Sannu a hankali ta gane masunta da sassafe suke zuwa, masu nono da hantsi, ranar kasuwa kaya sun fi yawa, bayan la'asar kuma ba mai taɓa ƙofa. Sai ta riƙa sakin kwamfuresa biyun da tsakar rana har jarkoki su zama dutse, da yamma ta kwantar da su. Baturan da a da ba sa kai mu asuba suka koma wayar gari da saura.

Wata rana ta aiko mini saƙo a waya, wai kwamfuresa ta biyu tana shan wuta fiye da yadda ta saba. Na je na kafa sukudireba na saurara, lafiya ƙalau. Na sa geji, daidai. Na ce ruwa dai ba ya tsami banza. Na kwance murfin baya, sai ga audugar rimi da iska ta kwaso ta yi kirtani a jikin raga, ta inda ido ba ya kaiwa, ga kuma gidan zanzaro har biyu a kan fanka. Da an ƙara mako da injin ya ƙone. Kun ga rabon aikin ke nan. Ita ta riga kunnena jin ciwo, amma ba ta san rimi ba, ba ta san zanzaro ba, kuma ba ta da hannun da za ta riƙe buroshi.

Muna cikin jin daɗin nan azumi ya kama, a tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa gurasa a kan dutse. Garin gaba ɗaya ya juya. Masunta suka daina fitowar sassafe, suka koma kawo kifi da yamma don masu sayen buɗa-baki. Matan gari, da yake Dakta ta ce ƙofa a buɗe take ga kowa, suka yi ta aiko da bokitan zoɓo da lamurje da kunun aya, wani ma da ɗuminsa, a sanyaya musu kafin a sha ruwa. Daga la'asar zuwa magariba ƙofa ba ta rufu ba. Daidai lokacin da 'yar Dakta ta saba kwantar da inji ke nan. Ranar farko ƙanƙarar jarkoki ta ɗauke nauyin da ƙyar. Ita kuwa ta ɗauka irin hayaniyar biki ce ta yini ɗaya, ba ta sake shiri ba. Kashegari aka ƙara yawa. Ƙanƙara ta narke tun da sauran rana, ta tayar da injuna biyun bayan sola ta daina bayarwa, suka zuƙe batura tas.

Da safe na buɗe ƙofa, maimakon sanyi ya mare ni, sai wani ɗumi mai nauyi. Na danna cikin wata karfasa, yatsana ya bar gurbi. Ban tsaya sallallami ba. Na cire 'yar Dakta daga kan aiki na mai da injin hannu, na aika aka aro janaretan mai niƙa, na ruga wurin Ilu. Ya zo ya duba ya ce kifin bai lalace ba tukuna, amma ba zai kai yamma ba, sai dai a yi masa banda. Nan take masunta suka watsu neman itace, matansu suka fito da ragar waya da rabin ganguna. Ga azumi, ga rana, ga hayaƙi. Ƙamshin kifi ya game gari tun kafin azahar, masu wucewa suna toshe hanci suna cewa, "Ado, Allah ya isa, ka hana mu azumi cikin kwanciyar hankali!" Ilu yana juya tarwaɗa idanunsa na zubar da ruwa yana dariya, yana cewa bana ladanmu biyu. Kifi dai ya tsira, ko da yake bandar ba ta kai ɗanye daraja ba.

Nono ne ba a yi masa banda. Inna Dudu ta iso da matan ruga a bayanta. Kayan kwana biyu ne suka tara, na gidaje da yawa, wanda wani mai mota zai ɗauka zuwa Kano. Ta buɗe faifan ƙwarya ta farko, madara ta yi gudaji-gudaji. Ta buɗe ta kindirmo, ta sa ludayi ta ɗaga, ya tsinke ya zama ruwa, tsaminsa har inda nake. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta mayar da faifai, ta yi wa matan magana da Fulatanci, kowa ta ɗauki ƙwaryarta, suka bi hanya a jere. Washegari ba wadda ta zo. Jibi ma haka.

Dakta ta iso ranar da abin ya faru, da ɗalibanta, leɓunanta a bushe. Ta shiga soro ta zauna gaban allo tana bin layukan da kunnuwa suka zana. Can sai ta jingina da bango ta ce, "Baba Ado, mun koya mata Asabar da Lahadi, mun koya mata ranar kasuwa, har lokacin gajimare mun koya mata. Ba wanda ya gaya mata akwai azumi." Wani ɗalibi ya ce ai da an bar ta, baɗi za ta tuna. Dakta ta ce baɗi azumi ba a wannan ranar zai zo ba, kowace shekara da wuri yake ƙara zuwa, ita kuwa kalandar bature kaɗai ta sani. Muka dubi juna, dukanmu masu azumi, ɗaki guda, ba wanda abin ya faɗo wa. Sai dariya ta ƙwace mana, irin wadda ake yi in abu ya wuce kuka.

Gyaran inji bai ɗauke mu lokaci ba. Ɗalibai suka sa mata lissafin watan Musulunci. Da yake lissafi yakan saɓa da ganin ido, Dakta ta sa na kafa wani koren maɓalli a cikin ɗan akwati a baranda, in an sanar da ganin wata a danna, ta san gari ya juya. Na rataya labulen roba mai kauri a kowace ƙofa don kada sanyi ya riƙa bin mutane waje. Na ƙara jarkoki. Na jera randuna a inuwa, duk mai zoɓo da ɗumi ta fara tsoma bokitinta a nan ya huce. Kafin azumi ya raba, ɗaki ya koma yadda yake, har ya fi.

Gyaran Inna Dudu shi ne babba. Dakta ta ce tashar da mutane suka guje ta ba tashar bincike ba ce, kabad ce mai tsada. Ta sayi dabino da sukari, muka bar mota a bakin hanya muka taka zuwa ruga. Muka tarar da Inna a gindin kanya tana gyaran faifai. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka yi gaisuwa mai tsawo, ta shanu da ta yara da ta ƙishirwa. Dakta ta ce jami'a za ta biya duk abin da ya lalace.

Inna ta ce, "'Yata, nono saniya ce ke ba da shi, gobe ma za ta bayar. Ni bakina ne ya zube. Ni na ce wa matan nan su kai."

Dakta ta ce, "To a tara mini su, Inna, in faɗa a gabansu."

Aka tara su. Dakta ta miƙe, mai digiri uku, ta ce laifin ba na Inna ba ne, ba na saniya ba ne, nata ne da na'urarta, ta bayyana musu yadda aka yi dalla-dalla. Wata ta fassara wa waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba. Da aka zo wurin cewa na'urar ba ta san an shiga azumi ba, sai wata tsohuwa ta riƙe haɓa, matasan suka fara ƙyaƙyatawa a bayan mayafi.

Inna ta ce, "Tsaya. Duk wayon nan da ake faɗa, ba ta san watan azumi ba?"

Dakta ta ce, "Ba ta sani ba, Inna."

Ta ce, "Shekararta nawa?"

Na ce, "Ko ɗaya ba ta cika ba."

Inna ta girgiza kai ta ce, "Ashe jaririya muka bai wa ajiya. To wanda bai san azumi ba ai ba a riƙe shi a zuci." Ta ɗauki dabino ɗaya ta juya shi a hannu ta mayar cikin leda, ta ce sai an sha ruwa. Ba ta ce za su dawo ba. Amma ranar kasuwar da ta biyo, ina goge farantan sola na hango ƙore a jere suna gangarowa daga bayan dam.

Yanzu tashar ta girma. An ƙara ɗaki na tumatir da albasa, ɗalibai suna zuwa daga wurare suna kwana biyu suna aune-aune, wasu sun ɗauki abin da aka koya a nan sun kai ɗakunan kwanan jami'a da wani asibiti. Kowane ɗalibi ya zo da kwamfutarsa a jaka, Dakta takan fara turo shi wurina, in ba shi buroshi da kumfar sabulu, ya yini a bayan inji kafin ya zauna gaban allo. Wasu suna ɓata rai. Ba ruwana.

Da shekara ta zagayo, aka sanar da ganin wata a rediyo bayan magariba. Na ce ba gaggawa, sai la'asar ɗin gobe ne za a fara cika, da safe na danna. Na yi sahur, na yi sallah, gari na fara haske na hau keke. Ina shan kwanar tashar na hango mutum a baranda. Inna Dudu ce, ƙwaryarta a ƙasa, sandarta a jingine, murfin ɗan akwatin a buɗe, koren maɓalli yana ci.

Na ce, "Inna, barka da asuba. An tashi da azumi lafiya?"

Ta ce, "Jam, lafiya lau. Ka makara, Ado. Na riga na gaya mata."

Ta rufe akwatin da kanta, ta juya wajen soron ƙasa ta ɗaga murya yadda ake yi wa yaron da ke cikin ɗaka.

"Kin dai ji ko? Bana ba ki da hujja."